Gargaɗi: A Toshe Ɓarauniyar Hanyar Shiga Aji Tun Kafin Ta Cinye 'Ya'yanmu

Wata Asabar bayan la'asar, 'yar ƙanena da ke aji biyar na firamare ta shigo da gudu ta miƙo mini littafin lissafinta, fuskarta cike da murna, domin malaminsu ya ba ta goma bisa goma. Na karɓa na buɗe don in sa mata albarka. Tambaya ta uku ta ce a tara ɗaya bisa biyu da ɗaya bisa uku. Yarinya ta rubuta biyu bisa biyar, jan biro kuma ya yi mata alamar daidai. Da farko na ɗauka kuskuren ido ne irin na malamin da ya gaji da duba tulin littattafai. Sai na koma shafin baya, inda ta kwafi misalin da aka yi musu a allo. Ashe haka aka koya musu: a tara na sama da na sama, a tara na ƙasa da na ƙasa.

Ta ga fuskata ta canja, ta ce, "Baffa, wallahi haka Malam ya nuna mana."

Mahaifiyarmu tana gefe kan tabarma tana tsince wake, ita da ba ta taɓa zama a ajin boko ba. Na ce, "Hajiya, in aka auna miki rabin mudu, aka ƙara miki sulusin mudu, me kika samu?" Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Ai ya kusa cika mudu, ɗan kaɗan ya rage." Gaskiyarta, biyar bisa shida ke nan. Amsar da aka yi wa maki kuwa, biyu bisa biyar, ko rabin mudun da aka fara aunawa ba ta kai ba.

Ranar Litinin na je makarantar. Hedimasta, dattijo mai furfura wanda aka ga alamar ya san aikinsa, ya saurare ni har na gama, sannan ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Yallaɓai, da takarda aka turo mana shi daga sama. Ba ni na gwada shi ba, ba ni kuma da ikon mayar da shi." Na leƙa ajin ta taga. Yara sun haura saba'in, wasu kan benci, wasu a ƙasa, kowa ya tattara hankalinsa kan allo yana kwafar abin da ke jiki da yarda ɗari bisa ɗari.

Wannan yardar ita ta hana ni barci, ita ce kuma ta sa na ɗauki alƙalami. Ina gargaɗin iyaye, da matasa masu neman aikin koyarwa, da masu makarantun kuɗi, da waɗanda Allah Ya damƙa wa ikon ɗaukar ma'aikata: akwai ƙofar da doka ta gina don shiga aikin malanta a Najeriya, amma an fasa katanga ta baya, jama'a na ta kwarara ta nan. In ba a toshe wannan ɓarauniyar hanya yanzu ba, nan da 'yan shekaru za a wayi gari babu ma wanda ya san lissafin da zai gane an yi kuskure.

Bari mu fara da ƙofar gaskiya, domin da yawa daga cikinmu ba su san yadda take ba. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanadi cewa mafi ƙarancin takardar da mutum zai shiga aji da ita ita ce shaidar NCE, wadda ake samu bayan karatun shekara uku a kwalejin ilimi. Tsohuwar shaidar malanta mai daraja ta biyu, wadda iyayenmu suka sani da Gired Tu, an daina karɓarta a matsayin mafari. Wanda ya yi digiri a fannin ilimi ya cika sharaɗi. Wanda kuwa ya yi digirinsa a wani fanni, kamar kimiyyar sinadarai ko tarihi, sai ya ƙara da diflomar koyon koyarwa ta PGDE, domin sanin abu daban, iya sanar da shi ga yaro ɗan shekara bakwai daban. A cikin kowane ɗaya daga waɗannan karatuttukan akwai watannin gwajin koyarwa da ɗalibai ke kira TP, inda ake tura ɗalibi makaranta ya riƙe alli, malamansa su zo su zauna a bayan aji su ga kamun ludayinsa.

Bayan takarda sai rajista. Doka mai lamba 31 ta shekarar 1993 ce ta kafa Hukumar Rajistar Malamai ta Najeriya, wato TRCN, ta ɗora mata alhakin tantance wanda ya cancanci a kira shi malami, tun daga makarantar rainon yara har jami'a, ta gwamnati ce ko ta kuɗi. Hukumar ta kasa malamai gida huɗu gwargwadon takardunsu: masu digirin digirgir, masu digiri na biyu, masu digirin farko, da masu NCE. Daga 2017 ta shigo da jarrabawar cancanta da ake yi a kwamfuta, wadda a farkonta ta taɓo sanin halayyar yara, da dabarun koyarwa, da tsara manhaja, da auna fahimtar ɗalibai, da Turanci da lissafi na yau da kullum. Wanda ya ci sai a ba shi shaidar rajista da lasisi, lasisin kuma ana sabunta shi bayan kowace shekara uku. Dokar ta mayar da koyarwa ba tare da rajista ba laifi, ta kuma tanadi hanyar bincike da ladabtar da malamin da ya ci amanar aikinsa. An ma taɓa yanke ranar 31 ga Disamba, 2019 a matsayin wa'adin ƙarshe na fitar da marasa rajista daga ajujuwa. Wa'adin ya zo ya wuce, kowa kuma ya san abin da ke cikin ajujuwan unguwarsu.

Babu wanda zai kalli wannan tsari ya ce an tsaurara fiye da kima. Direban da zai ɗauki fasinja goma sha takwas daga Kano zuwa Zariya ana neman lasisinsa a hanya. Ungozoma da mai harhaɗa magunguna kowa da hukumar da ke masa rajista. To wanda za a miƙa wa ƙwaƙwalwar yara saba'in daga ƙarfe takwas na safe zuwa azahar, kullum, shekara da shekaru, shi ne za a ce ya wuce kawai?

Ɓarauniyar hanya kuwa rassa gare ta. Reshe na farko takardar bogi. A Disambar 2021 hukumar ilimin bai-ɗaya ta jihar Kaduna ta sanar da korar malamai 233 bayan ta aika wa makarantun da suka ce sun yi, aka amsa mata cewa ba a san da takardunsu ba. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida, Umar Audu na jaridar Daily Nigerian, ya fallasa yadda ya sami digiri daga wata jami'a a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya zauna aji ba, abin da ya sa gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin da ke fitowa daga Benin da Togo a farkon 2024. Duk mai hankali ya san masu irin waɗannan takardu ba asibiti suke fara nufa ba, domin a can asirinsu zai tonu da wuri. Aji suke nufa, inda waɗanda za a cuta yara ne da ba su da bakin kai ƙara.

Reshe na biyu takarda ce ta gaske wadda babu ilimi a bayanta. Ɗalibi ya shiga kwaleji da sakamakon da aka yi masa satar amsa a irin cibiyoyin nan da ake biya don a ci. Ya haye kowane zango da sayen maki. Lokacin TP ya kai wa wani na-goro aka cike masa fom yana gida. Kundin bincikensa na kammalawa a shagon kwamfuta aka sayar masa, aka canja suna kawai. Ranar jarrabawar cancanta ya nemi sojan gona. In ka duba takardunsa ba za ka ga aibu ba, hatimi na gaske, sa hannu na gaske. Sai ka miƙa masa alli.

Reshe na uku sayar da gurbin aiki da rabon kason 'yan siyasa. Da zarar an ce za a ɗauki malamai, sai ka ji ana cewa wane an ba shi gurbi goma, wane ashirin, a raba wa yaran da suka yi wahalar kamfe. Sauran kuma su faɗa hannun dillalan ofa. Wannan na gan shi a cikin gidanmu. Ɗan yayata, yaro mai hankali da ya gama sakandare bai samu ci gaba ba, ya same ni da dare bayan isha'i, ya durƙusa ya gaishe ni, ya daɗe yana murza hularsa kafin ya buɗe baki.

"Kawu, wata hanya ce ta samu. Akwai wani mutum da ya ce zai haɗa mini komai, NCE da rajista da ofar koyarwa. Rabin kuɗin kawai zan fara bayarwa, sauran in an fara albashi."

Na ce, "To in an ba ka ajin, me za ka koya musu?"

Ya yi shiru, can ya ce, "Kawu, ai 'yan firamare ne."

Wannan kalma tasa ita ce tushen ciwon. Mun ɗauka firamare wurin wasa ne da kowa zai iya riƙewa, alhali nan ne wurin da ya fi ko'ina buƙatar gwani. Ɗalibin jami'a in malaminsa ya yi kuskure yana iya zuwa ɗakin karatu ya gano. Yaron aji biyu ba shi da wani littafi da ya wuce bakin malaminsa. Wanda bai iya haɗa baƙi da wasali ba a aji ɗaya da biyu, haka zai yi ta jan ƙafa har aji shida, ya shiga sakandare yana kwafar rubutun da ba ya iya karantawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in kuma hannun da ya tanƙwara shi bai iya ba, a karkace zai bushe. Ban ba ɗan yayata kuɗin ba. Na biya masa kuɗin fom ɗin kwalejin ilimi, ya yi fushi da ni na wasu watanni, yanzu yana shekararsa ta biyu.

Kada wani ya ce ina kambama abu ne. A 2017 gwamnatin jihar Kaduna, zamanin Malam Nasir El-Rufai, ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa da tambayoyin 'yan aji huɗu, aka ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin ɗari da aka yanke ba. An yi ta ce-ce-ku-ce kan adalcin jarrabawar, ƙungiyar malamai ta NUT ta tafi yajin aiki a farkon 2018, kuma har gobe akwai masu ganin an haɗa da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ya biyo baya. Da aka ɗauki sababbin malamai don cike gurbin waɗanda aka sallama, cikin 'yan watanni gwamnatin ta sake sallamar sama da 4,500 daga cikin sababbin, saboda an gano ba su cancanta ba. Wato ana cikin share ɗaki, ƙura na shigowa ta taga. A jihar Borno kuma, rahoton da aka miƙa wa Gwamna Babagana Zulum a 2022 ya nuna cewa cikin malaman firamare 17,229 da aka gwada, 5,439 ne kawai suka cancanci koyarwa, 7,975 za su iya gyaruwa in an ba su horo, 3,815 kuwa ko horon ba zai yi musu amfani ba. Jihohi biyu ke nan da suka yi ƙarfin halin buɗe tukunya. Waɗanda ba su buɗe tasu ba, kada su ɗauka abin da ke ciki ya fi wannan kyau.

Abin da ya sa nake cewa a yi gaggawa shi ne yadda wannan cuta take haihuwa. Gadar da aka gina da algus tana rushewa a gani, a yi kuka, a nemi ɗan kwangila. Ɓarnar malami ba ta da ƙara. Tun 2022 doka ta ba malamai damar yin aiki har shekara 40 ko su kai shekara 65 da haihuwa. Ka ɗauka malami ɗaya yana riƙe yara 60 kacal a shekara. Kafin ya yi ritaya yara 2,400 sun bi ta hannunsa. In an shigo da irinsa ɗari a ƙaramar hukuma ɗaya a ɗauka ɗaya, yi lissafin da kanka. Cikin yaran nan wasu za su zama ma'aikatan jinya da za su auna wa jariri magani, wasu magina, wasu masu riƙe asusun jama'a. Mafi muni, wasu za su koma aji a matsayin malamai. A 2022 da 2023 mafi ƙarancin makin JAMB na shiga kwalejin ilimi 100 ne cikin 400, na jami'a kuwa 140. Saƙon da muke aika wa matasa a fili yake: in ka rasa ko'ina, tafi malanta. Yarinyar da aka koya wa biyu bisa biyar yau, in babu wanda ya gyara mata, nan da shekara goma sha biyu ita ce za ta tsaya gaban allo ta koyar da shi da zuciya ɗaya, ba tare da ta san tana cutar kowa ba. A zagaye na farko akwai mai laifi da za a kama. A zagaye na biyu kowa ya yi imani da kuskuren.

Mun taɓa ganin abin da gaggawar cike aji ke haifarwa. Da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta na UPE a 1976, yaran da suka fito sun zarce lissafin gwamnati, aka shiga horar da malamai cikin hanzari, aka kuma ɗauki waɗanda ba su da horon don kada ajujuwa su zauna babu kowa. Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, NTI, a shekarar aka kafa ta don ta ɗaga darajar irin waɗannan malamai suna kan aiki. Niyyar mai kyau ce, amma an shafe shekaru ana biyan bashin wannan gaggawa. Yau ma ga shi muna son mayar da miliyoyin yaran da ke gararamba a titi zuwa makaranta, kuma wajibi ne mu yi. Sai dai duk lokacin da aka buɗe ɗaukar malamai dubu-dubu, dillalan ofa su ma kakarsu ce ta yanke saƙa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kafin a buga sanarwar ɗauka ya kamata a ɗaure ƙofa.

Masu cewa lasisin malami baƙon abu ne da aka kwaso daga waje, su waiwayi tarihinmu. A zaurukan karatu na ƙasar Hausa, almajiri ba ya shimfiɗa buzu ya fara ba da karatun littafi sai malaminsa ya saurare shi ya gamsu, ya yi masa izini. Ijaza ke nan, mai ɗauke da sunan wanda ya ba ka da wanda ya ba shi. Mahaddaci ba ya amsa sunan alaramma sai ya zauna gaban gwanaye sun bi shi baƙi da baƙi. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, da ta tsara karantar da mata ta hanyar 'yan taru, ba kowace mace take turawa ƙauye ba. Sai wadda ta karantar ta amince da ita take naɗa wa jaji, ta ɗora mata malfa, domin duk inda ta shiga a san da izini ta zo. A ɓangaren boko ma, kwalejin Katsina da aka buɗe a farkon shekarun 1920 don horar da malamai zaɓaɓɓun ɗalibai take ɗauka, daga cikinta Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka fito suka riƙe alli kafin su riƙe ƙasa. Malam Aminu Kano ya koyar a Bauchi da Maru, Shehu Shagari ma malamin makaranta ne. Kakanninmu sun san ilimi amana ne da ake miƙawa hannu da hannu, ba sa barin wanda ba a gwada ba ya taɓa shi.

A nan dole in yi wa malamai adalci. Akwai dubbai da suka shiga ta ƙofa, suka iya aikinsu, suna koyarwa a ajin da babu rufi, suna sayen alli da kuɗin aljihunsu, ga albashin da ba ya kai su tsakiyar wata. An sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a 2024, amma a 2025 sai da malaman firamare na Abuja, babban birnin tarayya, suka shafe watanni suna yajin aiki kafin a saurare su a kansa. Matuƙar ana ce wa malami ladansa sai a lahira, haziƙan yara za su ci gaba da guje wa aikin, gurbin da suka bari kuma mai takardar bogi ne zai cike shi. Waɗannan malamai na ƙwarai su ɓarauniyar hanya ta fi cuta, domin wake ɗaya shi ke ɓata gari, a yi musu kuɗin goro a ce duk malaman gwamnati ba su san komai ba. Don haka jarrabawa ta zauna a bakin ƙofa, kafin mutum ya karɓi aji. Gwada mutum bayan ya shekara ashirin yana koyarwa, ya tara iyali, sannan a kore shi rana ɗaya, magani ne mai ɗaci da ake sha bayan cuta ta ci jiki, yaran da suka riga suka bi ta hannunsa kuma babu mai dawo musu da shekarunsu. Wanda ke ciki kuma aka ga zai gyaru, a horar da shi da gaske, a sake gwada shi. Wanda ba zai gyaru ba a nema masa wani aikin da zai ci abinci, a raba shi da allo.

Yanzu ga abin da nake roƙon kowa.

Ƙannena da 'ya'yana masu neman aikin koyarwa, ku ji tsoron Allah ku ji tausayin kanku. Duk wanda ya ce zai samo muku NCE ko shaidar rajista ba tare da kun zauna jarrabawa ba, ɗayan biyu ne: ko ya cinye kuɗinku ya kashe waya, ko ya ba ku takardar da za ta zame muku ƙaya a wuya har ranar da za a yi tantancewa. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Waɗancan 233 na Kaduna su ma sun ɗauka sun sha. Ku yi rajistar jarrabawa da hannunku a ofishin hukumar TRCN na jiharku ko a shafinta na intanet, kada ku tura kuɗi asusun wani mutum. In tsoron kwamfuta ne ke damunku, ku je shago ku biya kuɗin awa biyu kullum na mako guda, hannunku zai saba. Wanda ya faɗi ya sake shiri ya koma, faɗuwar jarrabawa ba abin kunya ba ne kamar tsayawa gaban yara kana koya musu abin da ba ka sani ba. Albashin da aka karɓa a kan aikin da ba a iya ba, kowa ya tambayi malamin unguwarsu matsayinsa.

Iyaye, mu daina auna makaranta da fentin bango da kyan yunifom da yawan goma bisa goma. Ko ba ka yi boko ba kana iya gwada ɗanka. Miƙa masa takardar asibiti ko saƙon waya ka ce ya karanta maka. Aike shi kanti da dubu ɗaya ka ce ya faɗa maka canjin kafin ya tafi. Uwa ta sa babbar 'ya ta duba littafin ƙaramar. A taron iyaye da malamai, ko a kwamitin kula da makaranta na unguwa, a tashi cikin ladabi a tambaya: malamai nawa ne a nan suke da NCE, nawa ne suke da lasisi? Tambayar haƙƙinku ce, ko makarantar gwamnati ce ko ta kuɗi.

Masu makarantun kuɗi, musamman irin waɗanda ake buɗewa a gidan haya mai ɗaki huɗu, na san kuɗin da iyaye ke biya kaɗan ne, na san ƙwararren malami yana da tsada. Amma ɗauko yarinyar da ta gama sakandare bara a damƙa mata aji ɗaya don za ta karɓi abin da bai taka kara ya karya ba, cin amanar iyayen da suka hana cikinsu suka biya ku ne. In dole sai kun ɗauke ta, ku sa ta ƙarƙashin ƙwararriya ta riƙa taimakawa, ku tura ta karatun NCE na ƙarshen mako ko na hutu, kada ku bar mata aji ita kaɗai.

Shugabannin kwalejojin ilimi da malamansu, hatiminku shi ne ijazar wannan zamani. Duk takardar da kuka sa wa hannu shaida ce kuka bayar cewa wannan mutum a ba shi 'ya'yan jama'a. Malamin da ya sayar da maki, ko ya cike fom ɗin TP bai taka makarantar ba, ya sani wata rana jikansa na iya faɗawa ajin wannan ɗalibin.

Gwamnoni, kwamishinoni, shugabannin hukumomin ilimin bai-ɗaya, sakatarorin ilimi, 'yan majalisa da masu riƙe da sarauta, ku ne masu mabuɗi. Kada a ba kowa takardar kama aiki sai an aika wa kwalejin da ya ce ya yi ta tabbatar da shi, an duba lambar rajistarsa, an kuma tsayar da shi gaban allo na minti goma sha biyar ya koyar ana kallo. Wannan gwaji na ƙarshe ba ya cin kuɗi, kuma babu sojan gonar da zai iya yi wa wani. A liƙa sunayen waɗanda aka ɗauka da makinsu a sakatariyar ƙaramar hukuma kowa ya gani. A ba hedimasta ikon rubuta rahoto a kan malamin da aka turo masa, a kuma karanta rahoton. In kuna son saka wa yaranku na siyasa, hanyoyin alheri suna da yawa, ku ba su jari, ku biya musu kuɗin karatu. Aji ba ganima ba ne.

Malaman addini kuma su ɗauki maganar nan zuwa mumbari, kamar yadda suke yi wa masu tauye mudu wa'azi, domin wannan ma tauye mudu ne, kuma waɗanda ake tauye wa marayu ne da 'ya'yan talakawa da ba su da halin canja makaranta.

A daren Asabar ɗin nan na zauna da 'yar ƙanena, Hajiya ta ba mu mudu da wake, muka auna rabi, muka auna sulusi, muka zuba wuri ɗaya har ta gani da idonta. Ta ɗauki fensir ta gyara, sannan ta ɗago ta dube ni ta ce, "Baffa, to sauran 'yan ajinmu fa, wa zai gaya musu?"

Ban sami amsar da zan ba ta ba a daren. Yara saba'in da wani abu sun kwana da biyu bisa biyar a littattafansu, da jan biro a kai, ranar Litinin kuma ƙarfe takwas za su koma gaban allon nan. Tambayar tata na miƙo muku, kowa ya amsa ta a inda yake da iko, tun kafin a buga sanarwar ɗaukar malamai ta gaba. Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar da Ya damƙa mana.